Sunan Baba a Kan Lasisi

Autanmu ya gama karatun kwamfuta ya dawo gidana a Talata Mafara da takardar shaida da wata tsohuwar kwamfutar cinya wadda batirinta ba ya kai tsawon huɗubar Juma'a. Aikin gwamnati bai zo ba, na kamfani ma haka. Yakan je wani shago a bakin tasha yana buga wa mutane takardu, abin da ake ba shi bai kai a kira shi albashi ba. A haka ya yi aure, a haka ya haifi 'yarsa ta fari, duk a ɗaki biyu da na ware masa a cikin gidana. A ƙauyenmu, can bayan Janbako, an riga an yanke masa hukunci: ya ci kuɗin makaranta ya dawo zaman kashe wando.

Ni malamin gona ne, aikina a filayen noman rani na Bakura. Babban ciwon kaina a lokacin shi ne ranar sakin ruwa. Za a ce gobe ruwa zai bi magudanar kaza, sai in nemi manoman layin a waya, amma cikin fadama babu sabis. Haka zan hau babur in bi gona-gona ina kira kamar mai cigiyar akuya. Wanda ban samu ba ruwansa ya wuce shi, shinkafarsa ta bushe, ni kuma in sha zagi. Kullum na dawo gida sai na zazzage wa Auta wannan ƙorafi, shi kuma yana ta danne-dannensa. Na ɗauka ba ya jina, ashe ji yake.

Abin da ya ƙirƙira ba manhaja ba ce da za ka buɗe ka gani. Laburare suke ce masa. Kamar tubali ne da aka riga aka buga, mai gina manhaja ya ɗauka ya sa a nasa ginin. Aikin wannan tubali shi ne kai saƙo ba tare da sabis ba. Idan waya biyu suka kusanci juna, saƙon sai ya tsallaka daga wannan zuwa waccan ta bulutut, daga waccan zuwa ta gaba, har ya isa ga mai shi. Ɗan kabu-kabu zai ɗauko saƙon mutum goma daga Mafara ya sauke a Bakura bai ma san yana ɗauke da komai ba. Auta ya gina ƙaramar manhaja a kai, muka sa wa manoma. Aka daina zagina, na fara ƙiba.

Wata rana da la'asar muna zaune ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, ya ce zai saki laburaren a intanet kowa ya ɗauka. Na ce a nawa? Ya ce kyauta. Na dube shi, na dubi takalminsa da ya sha ɗinki.

"Kai ko kana da hankali? Abin da za ka saida ka hita kunya?"

"Yaya, dut kayan da nig gina wanga abu da su kyauta nis same su. Mutanen da ban taɓa gani ba sunka rubuta sunka aje. Ƙaƙa zan rufe nawa?"

Sai ya shiga yi mini bayanin lasisi, wato sharuɗɗan da mai abu yake maƙalawa a jikin aikinsa. Ya ce akwai mai tsauri, wanda yake cewa duk wanda ya gyara ya rarraba, tilas shi ma ya buɗe nasa ga kowa. Akwai kuma mai sauƙi, shi ne ya zaɓa, ya fassara mini shi layi-layi. An yarda wa kowa ya kwafa. An yarda ya gyara yadda ya so. An yarda ya raba, ya haɗa da nasa, har ma ya sayar. Sharaɗi ɗaya ne tak: layin da ke ɗauke da sunan mai abu, ba a goge shi, duk inda kwafi ya je da shi zai je. A ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa an ba da abin yadda yake, mai shi ba ya ɗauke da alhakin duk wata ɓarna da za ta biyo baya.

"To in ka yi nadama hwa?" na tambaye shi.

"Ba a janyewa. Wanda yaɗ ɗauka ya ɗauka."

Na ce ashe zarar bunu ce. Ya yi dariya ya ce to ai na gane. Ban gane komai ba, na dai ga yaro ya ƙi kuɗi ya zaɓi suna, na bar shi da halinsa.

Sai dai ko sunan ma ba nasa ya sa ba. A gidanmu, kamar sauran gidajen yankinmu, albashin farko ba na mai shi ba ne. Ana kai wa mahaifi shi cif, ba a taɓa ko kwabo, ya sa albarka, ya ɗauki abin da ya ga dama ya raba wa dangi. Ni na kai nawa tun da daɗewa, har yau ina tuna yadda Baba ya ɗora hannu a kaina. Auta kuwa shekaru suna ta tafiya bai kai komai ba, abin yana cinsa a rai ko da bai faɗa ba. Da ya zo wurin rubuta sunan mai abu, sai ya rubuta na Baba. Ya rubuta shi yadda muke rubuta suna a ƙasarmu: sunan mutum, sunan mahaifinsa, sunan ƙauyensu. Sunan mutuminmu ai adireshi ne, duk wanda ya karanta zai iya zuwa har ƙofar gida ba tare da tambaya ba.

Muka hau babur muka je muka kai wa Baba labari. A lokacin hanya lafiya lau take, babu abin da ke tsayar da kai sai ramuka da garken shanu. Mun same shi a zaure yana tufkar igiyar rama. Muka durƙusa, aka yi gaisuwa yadda ake yi, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ruwan Bakura, ya tambayi mutanen Mafara da ya sani da waɗanda suka mutu bai ji ba. Sai da aka gama tsaf, Auta ya buɗe kwamfuta ya nuna masa layin. Baba yana karanta Alƙur'ani da ajami, amma a boko ko bihim bai sani ba.

"Mi anka rubuta?"

Auta ya karanta masa. Baba ya ajiye igiyar.

"Ni? Mi niy yi?"

"Baba, ban samu albashin da zan kawo ba. Wanga shi na aikina na hwarko. Na kawo maka."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya fara tambaya kamar mai cinikin sa. Wa zai amfana? Kowa. Har wanda ba musulmi ba? Har shi. Ana biya? Ba a biya. Ana iya karɓewa? Ba a iyawa. Ya gyaɗa kai ya ce to rijiya ce a bakin hanya, kuma in haka ne ya karɓa. Ya jawo kan Auta ya sa masa albarka doguwa, wadda ta fi tawa tsawo, ina zaune ina ji har da ɗan kishi. A hanyar dawowa Auta yana bayana a kan babur, na ji yana shessheƙa, na yi kamar iska ce ta hana ni ji.

Daga nan ƙasarmu ta fara lalacewa. Tun ana jin labarin 'yan bindiga a nesa, har ya zama a ƙauyen da ke kusa, har ya zama mutumin da ka ci tuwo da shi makon jiya. Aka fara sace mutane a gona. Aka fara ɗora wa ƙauyuka haraji kafin su girbe abin da suka shuka. Matasa suka kafa ƙungiyoyin sa-kai da bindigogin gargajiya, su kashe a kashe su. Kalmar da ta fi kowace tsoro a lokacin ita ce infoma, wato mai kai rahoto a ɓoye, domin kowane ɓangare yana da nasa, kuma kowane ɓangare yana yanka na ɗayan. Ana cikin haka aka yanke sabis ɗin waya gaba ɗaya a yankin, wai don a toshe wa ɓarayin hanya.

Nan ne aikin Auta ya yi kasuwa. Mutanen da suka rasa yadda za su ji ko 'yan uwansu na raye suka koma wa 'yar manhajar sakin ruwa. Daga Bakura ta shiga Mafara, daga Mafara ta bi masu babura zuwa Maradun, Faru, Tsibiri, har inda ban taɓa zuwa ba. Mace za ta aika wa mijinta cewa ta haihu, ɗa ya aika wa uwarsa cewa ya tsira. Na yi alfahari da yaron a lokacin, har na daina yi masa gorin takalmi.

Wata Talata ina cikin kasuwa wajen masu albasa, wani ɗan kabu-kabu da na sani ya ja hannuna gefe yana murmushi.

"Malam, ashe babanku na? Ai kowa da sunanai shika kiranta."

Ya miƙo mini wayarsa. Wata manhaja ce daban, ba tamu ba. Da ka buɗe, abin da za ka fara gani shi ne rubutu cikin ado: an gina wannan a kan aikin wane ɗan wane na gari kaza, Allah ya saka masa da alheri. Sunan Baba ne, cikakke. Na tambaye shi ta mece ce. Ya rage murya ya ce ta 'yan sa-kai ce. Da ita ake sanar da juna inda aka ga 'yan bindiga, ta inda suka ƙetare gulbi, babura nawa, wane daji suka kwana. Ya ce ta ceci rayuka da yawa, ya ce in gai da tsoho. Ban san yadda na iso gida ba, albasar ma a can na bar ta.

Daga baya muka gano wani saurayi ne ɗan asalin yankinmu da ke zaune a wani birni mai nisa ya gina ta. Ya tsinci laburaren Auta a intanet, ya ga daidai da buƙatarsa, ya ɗauka kamar yadda lasisi ya ba shi dama. Har yau idan na tuna yaron nan sai raina ya ɓaci, kuma na san ba shi da laifi, wannan ne ma ya fi ɓata mini rai. Da ɓarawo ne, da ya goge sunan ya sa nasa, mu huta. Amma ɗan halak ne mai tarbiyya. Lasisi ya ce kawai a bar layin a cikin kwafi, ko a can cikin lungun da ba mai dubawa. Shi kuwa ya ga bai kamata a ɓoye mai alheri ba, ya fito da sunan ya kafa a goshin manhaja har da addu'a.

Na tuna manyan baƙaƙen nan da ke cewa mai abu ba ya ɗauke da alhaki. Waɗanda suka tsara su tsoron lauya da kotu suke yi. A inda suke zaune, mafi munin abin da mutum zai kawo maka ƙofar gida shi ne sammaci. Ba su san akwai ƙasar da ake zuwa da bindiga a kan babur ba, kuma mai bindigar ba ya karanta sharaɗi, suna kawai yake nema.

Auta ya daina cin abinci. Don ya samu sabis sai ya hau mota ya bi hanyar Sakkwato har inda waya ke kamawa, ya zauna a bakin titi tare da ɗaruruwan masu neman abin da yake nema. A can ya goge sunan Baba daga asalin laburaren. Amma asali ɗaya ne, kwafi kuwa ba a san iyakarsu ba, kuma kowanne yana ɗauke da layin kamar yadda doka ta ce. Ya rubuta wa saurayin yana roƙonsa ya cire. Amsa ta zo cikin ladabi. Ya ce shi bai san Auta ba, sunan da ke kan lasisi shi ne mai abu a wurinsa, kuma ba zai goge sunan dattijo da maganar wani ba. Idan mai sunan da kansa ya yi magana, ko da murya ce aka ɗauka a waya, a ranar zai cire. Idan kuma an yi kuskure ne game da mai aikin, a faɗa masa na gaskiya ya sa.

Wannan jimla ta ƙarshe ita Auta ya riƙe. Ya ce cirewa kaɗai ba za ta wadatar ba, tunda tsofaffin kwafi suna nan a wayoyin mutane. Abin da zai wanke Baba shi ne sabon kwafi ya fita da sanarwa a fili: tsoho bai san komai ba, ga wanda ya rubuta, ga sunansa. Zai bi wayoyi ya bazu kamar yadda na farko ya bazu. Na ce masa to kai fa? Ya ce shi a gari yake, akwai sojoji, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ban ce masa a'a ba. Ubana nake so ya rayu, a ranar ban iya tunanin komai bayan wannan ba.

Muka kama hanyar ƙauye da hantsi, lokacin da aka ce ya fi dama-dama. Bayan Janbako mun wuce ƙauyuka biyu babu kowa a ciki, rumbuna a ƙone, ƙofofi a buɗe. Gonaki da yawa ciyawa ta cinye. Duk wanda muka haɗu da shi a hanya sai ya kauce cikin dawa tun daga nesa, sai ya ga ba mu da bindiga sannan ya fito. 

Baba yana zaure. Ya rame, amma gaisuwar ba ta ragu da komai ba, sai da ya tambayi kowa da kowa. Da Auta ya fara bayani, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Na sani. Tun watan jiya aka gaishe ni a kai. Ran kasuwar Janbako ma wani baƙo ya tambayi inda nike, an hwaɗa mani."

"To shi na munka zo, Baba. Magana guda za ka yi cikin waya, ka ce a cire sunanka."

"In an cire nawa, na wa za a sa?"

Auta ya yi shiru. Baba ya juyo gare ni. Ni ma na yi shiru.

"Ku biyu kun zama kurame? Na ce na wa?"

"Nawa," in ji Auta. "Ni niy yi. Gaskiya ta kenan, Baba."

"Gaskiya ta. To ɗiyarka hwa, wa za ka bar ma? Matarka da ciki. Kana zaton Mahwara sama take? Wanda sunka so, har cikin gari suka shiga su ɗauko shi."

Na sa baki na ce to ya tattara ya biyo mu, a bar maganar suna, ɗaki yana nan. Ya dube ni kamar na faɗi shirme. Ya ce in ya gudu, gidan da ya gudu zuwa shi za a bi, sai a tarar da mai kwamfuta a zaune a ciki, lissafi ya fita. Ya ce yanzu dai sun samu suna, sun samu gari, sun san inda za su je, ba su da dalilin neman wani. Ya ce ga dawarsa ta kusa nuna, ga kabarin mahaifiyarmu a bayan gari, shi ba inda za shi.

Auta ya fara kuka, ya ce ba don wannan ya ba shi ba. Ya ce zai rubuta sanarwar ko Baba ya yarda ko bai yarda ba. Ban taɓa ganin Baba ya ɗaga murya a kan ɗayanmu ba sai ranar.

"Kai kab ba ni, ko ba kai ba? Na karɓa gaban yayanka. Abin nawa na, ba ka da iko a kai. In ka taɓa sunan ga, ban yahe ba. In ka sake taka garin ga, ban yahe ba. Ko an ce maka na mutu, kak ka zo. Ka ji ni?"

Auta ya kau da kai yana share hawaye.

"Na ce ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

Ya sa Auta ya fita ya jira a wajen babur. Ni kuma ya riƙe hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Ya ce yaron nan amana ne a wuyana. Ya ce duk abin da na ji ya faɗa a kansa nan gaba, kada in musa, ko a gaban wa. Ya ce ba a san wanda ke kai labari ba, wataƙila yana cikin sahun da ake sallah da shi. Sannan ya sake ni ya ce mu tafi tun rana ba ta karkata ba. Na yi fushi da shi a ranar, fushi mai tsanani, na fita ko waiwaye ban yi ba.

Ba a jima ba labari ya fara iso ni daga bakin masu zuwa kasuwa. Baba yana zama a majalisa yana faɗa wa kowa cewa shi ya sa aka yi abin. Wai bijiminsa ya sayar ya biya wani baƙo a birni, wanda ko sunansa bai riƙe ba. Idan wani ya ce ai da an zaci ƙaramin ɗansa ne mai karatun kwamfuta, sai Baba ya yi tsaki ya ce wannan da ko takalmin kirki bai iya saya wa kansa ba? Ya ce ya kore shi, ya gaji da ɗan da ba ya tsinana komai. Ƙauye dama sun daɗe da wannan ra'ayi, ba su sha wahalar yarda ba. Wasu ma suka riƙa zuwa suna ba ni haƙuri kan irin nauyin da nake ɗauke da shi a gida. Auta yana jin duk wannan daga ɗakinsa. Ya rufe kwamfutar ya sa a ƙarƙashin gado, ya koma bin motocin tumatir yana lodi.

Lokacin yankan dawa 'yan bindiga suka zo. Da safe ne, Baba yana gona. Maƙwabcinmu da ke gonar kusa ya kwanta cikin karan da aka tara, shi ya ga komai, shi ya ba ni labari. Ya ce sun zo da wata waya da suka ƙwace daga wani ɗan sa-kai da suka kashe. Ɗaya daga cikinsu ya karanta sunan da ƙarfi, Baba ya ajiye lauje ya ce shi ne. Suka ce tsoho kamarsa bai iya wannan ba, ya faɗi wanda ya rubuta. Ya ce kuɗi ya biya, baƙo ne, bai san inda yake ba. Suka doke shi suka sake tambaya, ya sake faɗin haka. Maƙwabcin ya ce sun tambaye shi 'ya'yansa, ya ce ɗaya malamin gona ne da bai san komai ba sai taki, ɗayan kuma ya sallama wa duniya shi. Daga nan maƙwabcin ya toshe kunnuwansa, amma ya ji ƙarar harbin.

Ina Bakura saƙon ya iso wayata, ya biyo ta wayoyin mutane kamar kowane saƙo. Da na isa gida na tarar Auta ya riga ya ji. Yana tsakar gida ya fito da babur ɗin maƙwabci yana ƙoƙarin tayarwa, matarsa da tsohon ciki tana riƙe da rigarsa. Na zare makullin na sa a aljihu. Ya kama wuyan rigata, yaron da bai taɓa haɗa ido da ni ba. Ya ce ubansa ne, ya ce shi ya kashe shi, ya ce ko ƙasa ɗaya ce a bar shi ya zuba. Na ce masa Baba ya ce bai yafe ba, kuma ni ma ba zan yafe ba, domin in ya je to tsohon ya mutu a banza. Muka yi kokawa a gaban matanmu har ya faɗi zaune a ƙasa. Na bar shi a nan yana kuka kamar yaron goye, na tafi ni kaɗai.

An riga an binne Baba kafin in isa, domin ba a jinkirta gawa, kuma kowa yana tsoron taruwa a bayan gari. Na zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Mutane sun zo fiye da yadda na zata a irin wannan lokaci, har daga Faru da Maradun. Kowa ya zauna sai ya yabi Baba, ya ce ya yi wa ƙasa aiki, ya ce abin da ya sa aka yi ya tsirar da ƙauyensu. Ina amsawa da amin. A kan tabarmi akwai fuskokin da na sani tun ina yaro, akwai kuma waɗanda ban taɓa gani ba, suna zaune shiru suna kallon duk wanda ya shigo.

Da yamma ta yi Gwaggo, ƙanwar Baba, ta leƙo daga zaure. Ita ta goya Auta bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta yaye shi. Idanunta sun kumbura. Ta duba tabarmi daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ta tambaye ni da muryar da kowa ya ji.

"Ina ƙanenka?"

Na ce yana Mafara.

"Ba shi da lahiya?"

Na ce lafiyarsa lau.

 Baƙin fuskokin nan suka ɗago kai. Gwaggo ta daɗe tana kallona, tana jira in kawo wani uzuri, ko da na ƙarya ne, wanda za ta riƙe ta kare yaron da ta goya. Ban kawo ba. Ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Ashe ɗa guda yayana ya haihwa."

Na sunkuyar da kai na ce, "Haka na, Gwaggo."